Makon Kashe Wuta

Zuwa ga ƙanwata Auta, manajar gidan burodinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk ma'aikata. Ya gwiwar Inna? Ki gaishe min da ita sosai.

Tunda kin mai da wayarki abin ado, na koma takarda. Duk sanda na kira, ko dai ba a ɗauka ba, ko ki ɗauka ki ce "Yaya ina zuwa", sai in zauna ina jin kina yi wa wani faɗa a kan leda har katina ya ƙare. Shi ya sa na ba direban motar fulawa wannan saƙon, shi dai dole ki gan shi.

A cikin ambulan ɗin akwai tsarin da na zauna na rubuta wa gidan burodin. Kin san aikina ke nan a kamfanin nan, in tsara wa mutane inda za su kai nan da shekara biyar, kuma abin kunya ne in yi wa bare in bar gidan ubana. A taƙaice dai: reshe na biyu a kusa da tashar mota, motar rabon burodi tamu ta kanmu maimakon hayar babura, da sabuwar leda mai tambarinmu. Komai na bi shi daki-daki, har da zane.

Kada ki ɗauka raina ƙoƙarinki nake yi. Tun da Baba ya rasu kika ajiye aikinki kika dawo kika riƙe wurin, ni kuwa ina nesa ina ba da shawara a inuwa, na sani. Amma mai jan ragamar wuri ba a bakin injin kwaɓi ya kamata ya ƙare ba. Dole a samu wanda zai ɗaga kai ya dubi gaba, kuma a gidan nan ke ce.

Ki samu lokaci ki karanta a nutse, ki aiko min da ra'ayinki. Allah ya yi wa kasuwa albarka.

Yayanki.

*

Yaya mai tsari,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna tana amsawa, gwiwa da sauƙi, amma har yanzu ba ta iya tsallakowa gidan burodin, daga ɗaki sai tsakar gida.

Tsarinka ya iso lafiya. Ban wulaƙanta shi ba, yana saman kabad a ofis, na ɗora masa gwangwanin yis don kada iska ta ɗauke. Shafin farko na karanta har sau biyu, domin duk sanda na kai ƙarshensa sai an kira ni.

Ka ce in ɗaga kai. To bari in ba ka labarin jiya, ka nuna min inda zan ɗaga shi. Mai injin kwaɓi bai zo ba, matarsa ta haihu, ni na kama masa. Fulawar da direbanka ya kawo, buhu biyu sun sha ruwa, sai da muka yi ta ja-in-ja kafin ya yarda ya mayar. Ɗaya daga cikin masu babur ya zame a kwana, shi bai ji ciwo ba, burodin ne ya ji. Bel ɗin janareta ya tsinke ana tsakiyar murza ƙullu. Mai shayin bakin asibiti ya zo da kansa, riƙe da burodi a tafin hannu kamar jariri, wai in rantse ban rage masa nauyi ba. Ma'ajin makarantar kwana kuma ya aiko cewa daga yanzu kafin ƙararrawar farko yake son nasu. Sai da na zauna cin abinci na lura takalmana ba iri ɗaya ba ne.

Wannan duk ban sa liƙin safe a ciki ba, don shi ya riga ya zama kamar wanke fuska. Akwai wata 'yar tsaga a rufin tanderu, daga saman ƙofa ta yi ciki. Kullum kafin a zuba farantan farko, ni da Dogo mai wuta mukan kwaɓa yumɓu da toka, mu ɗora a bakin doguwar sanda mu toshe ta. Mun ƙware, Yaya, ko magini sai ya sara mana. Da can loma guda ta yumɓu ke isa, yanzu mukan kwaɓa rabin bokiti, amma hannunmu ya faɗa, ba ya ɗaukar mu lokaci.

Reshe na biyu kuwa, in ka samo min Auta ta biyu a kasuwa, ka sayo ta ka haɗo da direba.

Na ji ana ƙwala min kira. Sai an jima.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi dariyar takalmanki, amma dariyar ta ɗauke da na zo kan maganar tsaga.

Ki sake karanta abin da kika rubuta. Daga loma zuwa rabin bokiti. Wannan ba ƙwarewa ba ce, tsagar ce take girma, ku kuma kuna ƙara iya ɓoye wa kanku ita. Tanderu ɗaya gare mu. Reshe da mota da leda duk a bayansa suke, in ya rushe babu abin da za a zuba a ledar. Na duba tsarina daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya ban ambaci tanderu ba. Ni ma abin ya ba ni haushi.

Abu biyu nake roƙo. Ki kira magini na gaske ya duba, ba ke da Dogo da sanda ba. Sannan ki ware safiya guda a mako, ki shiga ofis ki kulle ƙofa, ki ce ba kya nan. Kada ki taɓa ƙullu, kada ki amsa kira. Ki zauna kawai ki tambayi kanki: mene ne zai iya rufe gidan nan, kuma me nake yi a kai? Manyan shugabannin da nake aiki da su duk haka suke yi, kuma kamfanoninsu ba su rushe ba don sun ɓace na 'yan sa'o'i.

Ki ba Dogo da mai injin dama su yanke ƙananan hukunci da kansu. Ba yara ba ne.

Ki gaida Inna. Ina jiran amsa da motar fulawa ta gaba.

Yayanki.

*

Yaya,

Sallama. Na bi shawararka, ga sakamako.

Ranar Laraba na shiga ofis na murza makulli, na liƙa takarda a ƙofa cewa ba na nan. Ka manta ofishin yana da taga. Ban gama gyara zama ba mai injin ya leƙo, wai ya san ba na nan, amma ina makullin sito? Mai ɗaure leda ta biyo baya, ita ma ta san ba na nan, tambaya ɗaya ce kawai. Na rufe tagar. Na zauna ina kallon bango ina tambayar kaina mene ne zai iya rufe gidan nan, kamar yadda ka ce.

Amsar ba ta bari na wahala ba. Sai na ji Dogo ya yi salati da ƙarfi. Na fito a guje. Rabin bulo ne ya ɓalle daga rufin tanderu ya faɗo a kan faranti, daidai lokacin da ya zura hannu zai juya su. Garwashi ya fallatso masa a damtse. An kai shi kemis an wanke an ɗaure, ya dawo aiki ran nan, har yana tsokanar mai injin. Amma ni na ga inda bulon ya sauka, kuma na san inda kansa yake zuwa in yana leƙa na can ciki.

Na kira magini. Ya haska fitila ta ƙofa, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni wa yake wannan liƙin. Na ce ni ce, ina jiran yabo. Ya ce liƙin ya yi kyau, shi ya sa ba wanda ya ga rufin yana zama. Ya ce babu gyaran da za a yi da wuta a ciki. Sai an kashe, a bar tanderun ya huce har mutum ya iya shiga, a sauke rufin a sake ɗaurawa, a bar shi ya bushe, sannan a dawo da wuta a hankali. Ya fi mako, ko da komai ya tafi daidai.

Yaya, mako guda babu burodi! Makaranta tana tsakiyar zango. Masu shayi ba sa jira, wanda ya kawo musu yau shi ne nasu. Ga tsohon nan mai gidan burodin tsallaken titi, wanda ko gaisawa ba ma yi tun da na dawo, yana zaune a bencinsa kullum yana ƙirga baburanmu da ido. Kwana biyu kawai zan yi fashi ya kwashe su duka.

Kuma duk wanda ya shigo nan sai ya faɗa min magana ɗaya: Babanki bai taɓa fashin burodi ba ko na rana guda. Mu ma shaida ne, tun muna yara ba mu taɓa ganin tanderun nan a sanyaye ba. Ni ce zan fara kashe wutar da Baba bai taɓa kashewa ba?

Na ce wa magini ya bari sai an yi dogon hutu. Ya ce shi zai iya jira, rufin ne bai sani ba. Yau da safe mun sake liƙi, amma ni na riƙe sandar, na hana Dogo matsowa.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Don Allah kada ka gaya wa Inna, hawan jininta bai daɗe da sauka ba.

Auta.

*

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki da girmamawa, tare da fatan jiki yana ƙara sauƙi. Iyalina duk suna gaisuwa.

Inna, ki gafarce ni, zan karya alƙawarin da ban ɗauka ba. Auta ta ce kada in gaya miki, amma na kasa. Rufin tanderu ya tsage, bulo ya fara faɗowa, har ya ƙona Dogo a hannu. Magini ya ce sai an kashe wuta fiye da mako. Ita kuma ta ƙi, tana cewa Baba bai taɓa kashewa ba, kuma tana tsoron masu saye za su koma tsallaken titi. Yanzu ita take tsayawa a bakin wutar da kanta.

Ni na yi iya maganata, ba ni da abin da zan ba ta sai takarda. Ke tana jin taki. Ki taimaka ki sa baki.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanki.

*

Auta,

Ni ce uwarki, wadda take ɗakin da ke kallon naki. Ina gaishe ki, tunda gaisuwar ma a tsaye kike yi min ita kwanan nan, ƙafa ɗaya a waje. Na aika a kira ki kin ce kina zuwa, har shayina ya huce. Na ga yayanki da yake wata uwa duniya yana samun amsarki ta takarda, to ni ma ga tawa. Na ce a ajiye miki a kan teburin murza ƙullu, inda ba za ki ce ba ki gani ba.

Wa ya gaya miki Babanku bai taɓa kashe wuta ba? Duk shekara sai ya kashe. Kin tuna da zarar an yi dogon hutu nake haɗa muku kaya, ke da yayanki, a kai ku gidan Kaka? Kuna murna, kuna cewa Baba yana son ku huta. Ba hutunku ne ya dame shi ba. Ba ya son ku faɗa cikin toka da bulo ne. Motarku na tashi yake janye itace. Kafin ku dawo an sauke abin da ya gaji a rufin, an sake ɗaurawa, wuta ta kama, ku shigo ku tarar da ita tana ci kamar yadda kuka bar ta. Da kuka girma kuma, makaranta da aiki suka ɗauke ku, ba wanda ya taɓa zama a gida a makon.

Gaskiya ne bai taɓa fashin burodi ba. Amma ba a tanderunsa yake gasa na makon ba. A tsallaken titi yake gasawa, wurin tsohon da kike wucewa kina ɗauke kai. Nan za a kwaɓa, a jera a faranti, a tura a baro a tsallaka. In shi ma nasa lokacin ya zo, ya turo nasa nan. A kasuwa kuwa ba sa raga wa juna, sun sha yin faɗa a kan mai shayi ɗaya har a daina gaisawa. Amma maganar tanderu daban take, ba sa haɗa ta da komai.

Kuma ba ranar yake tashi ya ce zai kashe ba. Tun ana saura watanni yake zuwa su zauna a bencin nan su tsayar da mako. Ya gaya wa magini, ya sayi bulo ya jibge a bayan sito, ya bi masu shayi ɗaya bayan ɗaya ya ce burodi zai ɗan makara. Ni har gajiya nake yi da zancen. Ina ce masa, Malam, abin da sai baɗi? Ya ce ai shi ya sa.

Da kin tambaye ni da na faɗa miki tun shekarar farko. Ni kuma na ɗauka kin sani kina yi, tunda ba na iya tsallakowa in gani, ke kuma kullum "lafiya lau Inna" kike ce min.

Ki sa mayafinki ki tsallaka titi. Ki gaishe shi kamar yadda za ki gaida ƙanin ubanki. Kuma kada in sake jin kin tsaya a ƙarƙashin rufin nan, ke ko ɗan wani.

Allah ya yi miki albarka. In kin gama karantawa ki zo ki zauna, zama nake nufi.

Innarki.

*

Yaya mai tsegumi,

Sallama. Na yafe maka, amma ban manta ba.

Na tsallaka. Tsohon yana bencinsa, na durƙusa na gaishe shi. Bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Ya ce, "'Yar Malam, sai yau?" Ashe ba baburanmu yake ƙirgawa ba, hayaƙinmu yake kallo. Ya ce tun bara ya ga yana fita ta inda bai kamata ba. Na ce, "To Baba, me ya hana ka yi min magana?" Ya ce, "Wadda ba ta amsa sallama, ta ina zan fara mata da tanderu?" Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Sannan ya kai ni ya nuna min nasa. Yaya, shi ma liƙi yake yi. Tun rasuwar Baba bai kashe wuta ba, don ba shi da inda zai kai ƙullunsa.

Kada ka ɗauka komai ya zo da sauƙi. Ya ce da na zo da wuri, da mun tsayar da makon hutu, lokacin da aiki yake da sauƙi a wurin kowa. Yanzu tanderunsa cike yake da nasa, abin da zai iya ba ni bai wuce rabin abin da muke gasawa ba, shi ma sai bayan ya sauke nasa. Dole na zaɓi wanda zan ba da wanda zan hana. Na riƙe makaranta da tsofaffin masu shayinmu. Sauran na bi su da ƙafa na ba su haƙuri. Wasu sun karɓa. Mai shayin bakin asibiti ya ce shi ba haƙuri yake sayarwa ba, ya koma wani wuri, kantuna biyu suka bi shi. Ban san ko za su dawo ba. Wannan ladan makara ne, ba na ganin laifin kowa.

Dogo ne ya janye itacen. Ni na tsaya ina kallo har jan ya koma toka, kuma na yi kuka, ban san dalili ba.

Da tanderun ya huce, magini ya ce in shiga in gani da idona. Na rarrafa da fitila. Ban taɓa sanin cikinsa yana da faɗi haka ba. Bulon rufin ba kala ɗaya ba ne, layi-layi ne, wani ja, wani ya yi duhu, wani ya fi sabunta, kowane gyara da irin bulon da aka samu a shekararsa. Aikin Baba ne a jere. Daga inda nasa ya tsaya babu komai sai yumɓuna, dunƙule a kan dunƙule. Magini ya sa yatsa ya taɓa gefen liƙin, bulo uku suka zubo a gabanmu.

Abin mamaki, a makon nan na fi kowane lokaci samun sarari. Mai injin ne yake tura baro yana kula da gashi a tsallake, makullin sito yana hannun mai ɗaure leda, kuma ba wanda ya mutu. Na zauna wurin Inna har ta kore ni. Na sauke gwangwanin yis na karanta tsarinka har ƙarshe. Maganar mota tana da ma'ana, za mu yi ta. Leda ta jira. Reshe kuwa, ka yi haƙuri.

Da mun hura tamu, tsohon zai kashe tasa, ƙullunsa ya tsallako nan.

Ka gaida matarka da yara.

Auta.

*

Yaya,

Sallama. An hura wuta yau da safe. Dogo da mai injin suka ɗauko Inna a kujera, ita ta ƙyasta ashana. Takardar da ta fi kusa da hannu shafin reshenka ne, kuma ya kama da kyau.

Baɗi, makon farko na dogon hutu za mu kashe. Mun tsayar da makon ni da tsohon a bencinsa, na gaya wa magini, na fara gaya wa masu shayi, suna ta yi min dariya wai abin da sai baɗi.

Ka nemi hutu tun yanzu, ka zo da yaranka da tsofaffin kaya, akwai ɗaukar bulo. Inna ta ce wannan karon ba za a tura kowa gidan Kaka ba.

Ƙanwarka,
Auta.